Raƙumin Kakana: Sawaba da ƙuri'ar "a'a" ta 1958

A watan Oktoban 2024 na je hutu gida Tasawa. Ina zaune tsakar gida ina tsintar shinkafa, rediyon Kaka na rataye a jikin bishiya, sai aka karanto labari daga Yamai cewa babban titin nan mai sunan Charles de Gaulle an sauya masa suna, daga yanzu titin Djibo Bakary ne. Ni ko kai ban ɗaga ba. Kaka kuwa, mutumin da ya haura shekara 85, wanda sai an ɗaga murya yake ji, sai na ga ya tashi zaune a kan tabarma.

"Amarya, mi sunka ce? Sunan wa sunka kira?"

Na maimaita masa da ƙarfi. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Sunan ga, shekara da shekaru ban kira shi da ƙarfi cikin gidan ga ba. Ko da anka ce an yi dimokuraɗiyya, bakina ya riga ya saba da shiru. Tashi ki ɗauko mini layar da ke ƙasan akwatina."

Na ɗauko wata laya da fatarta ta yi baƙi. Ya sa reza ya farke ɗinkin. Babu aya ko ɗaya a ciki. Wani ɗan kati ne da aka ninke huɗu, rubutun ya kusa shafewa, amma ana iya gane hoton raƙumi. Katinsa ne na jam'iyyar Sawaba. Ya ɗinke shi cikin fata a 1959, bai sake buɗewa ba sai ranar.

Na ji kunya, don abin da na sani game da Sawaba bai wuce layi biyu da muka haddace a lakwal ba: wai ta ce "a'a" a 1958, ta sha kaye. Sauran hutun sai na ƙarar da shi ina yi wa tsohon tambayoyi, da na koma jami'a kuma na shiga neman abin da masana tarihi suka rubuta. Abin da na samo shi ne na kawo muku, ƴan uwa ɗalibai, don ina ganin muna ta rera kalmomin da mutanen nan suka fara rerawa ba tare da mun san nawa suka biya ba.

Ina kalmar ta fito

Sawaba Hausa ce, ma'anarta sauƙi bayan wuya, irin numfashin da mai kaya yake yi idan an sauke masa. Don a gane abin da ya sa kalmar ta kama zukata, sai an tuna irin kayan da ke kan talaka a lokacin. Aikin tilas ba a soke shi a doka ba sai a watan Afrilun 1946. Kafin nan kumandan na iya aiko gardi a kwashi samarin gari zuwa aikin hanya ba biya, yana iya ɗaure mutum kwanaki ba shari'a. Bayan an soke ma, harajin kai yana nan, sarki ne ke tarawa, kuma kowa ya san abin da ake karɓa ya fi abin da ake rubutawa. Gyaɗar da ake nomawa daga Maraɗi zuwa Tasawa, Matamai da Magarya, kamfanonin Turawa ne ke saye a farashin da suka ga dama. Yaran da ke zuwa lakwal a ƙasar duka ba su kai 5 cikin 100 ba har aka samu ƴancin kai.

Kaka a lokacin karen mota ne a wata babbar motar gyaɗa mai zuwa Kano. A can ya fara jin kalmar a bakin ƴan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, wadda takardarta ta farko ma sunanta ke nan, sanarwar Sawaba. Ya ce a tashar mota in wani ya ce "Sawaba!" sai ka ji amsa ta ko'ina. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta hana magana bin motar gyaɗa ba.

A gefenmu, mutumin da kalmar ta manne wa shi ne Djibo Bakary. An haife shi a 1922 a Sudure kusa da Yamai, ƙauye ɗaya da ɗan uwansa Diori Hamani. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Ƙonni da Agadas. Tare da Diori da Boubou Hama suka yi tafiyar PPN, jam'iyyar da aka kafa a 1946, reshen RDA a Nijar. A 1950 shugaban RDA, Houphouët-Boigny, ya yanke hulɗa da ƴan kwaminis na Faransa ya nemi sulhu da gwamnatin mulkin mallaka. Djibo bai yarda ba, hanya ta rabu. Ya koma aikin ƙungiyoyin ƙwadago, a 1954 ya kafa UDN. Sunan UDN bai zauna a bakin jama'a ba. Sawaba suka riƙa cewa, har sunan ya bi ta.

Su wa suka cika ta? Na tambayi Kaka, ya lissafa da yatsu: direbobi da yaransu, teloli, mahauta, ƴan dako, ƴan koli, kukun Turawa, masu gyaran keke, ƙananan ma'aikatan gidan waya, almajiran da suka yi yawon ci-rani, da mata masu zaman kansu waɗanda ke da bakin faɗa da kuɗin karo-karo. Mutane ne da suka bar ƙauye amma birni bai karɓe su ba, masu ƙafa ɗaya a gona ɗaya a tasha. Su ne ke kai labari ƙauyuka ranar kasuwa. Alamar RDA giwa ce, tasu raƙumi.

Abu uku a igiya ɗaya

Da na tattara abin da Sawaba ke nema, sai na ga ya kasu uku, kuma a wurinsu ukun ba sa rabuwa.

Na farko na cikin gida ne: a rage wa talaka zalunci wajen haraji, a taka wa sarakuna da dogaransu birki, a biya ma'aikaci haƙƙinsa daidai da na Bature mai aiki irin nasa, a ba ƴan ƙasa muƙaman da Turawa suka riƙe, a ƙara lakwal da asibiti. Yau wannan ba ya ba kowa mamaki. A lokacin da talaka ke cire takalmi tun daga nesa in ya hango ƙofar fada, magana ce mai kai mutum kurkuku.

Na biyu na waje ne. Djibo na son ƴancin kai, kuma ba ya son a yanka Afirka ta Yamma ta Faransa ƙanana-ƙanana kowa ya tsaya shi kaɗai gaban Paris. Yana son tarayyar ta ɗore da gwamnati ɗaya. Yana kallon Ghana da ta samu ƴanci ranar 6 ga Maris 1957, yana kallon Najeriya da ke kan hanya. Ya kuma yi zargin ƙungiyar da Faransa ta kafa a 1957 mai suna OCRS, wadda aka ce don raya yankunan Sahara ne, amma mutane da yawa suka gane hanya ce ta riƙe hamada da arzikin da ke ƙarƙashinta ko da ƙasashen sun tafi.

Na uku shi ne ƙuri'a. Dokar Defferre ta watan Yunin 1956 ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar zaɓe. Sawaba ta ɗauki wannan da gaske: sarauta gado ce, amma mulki na mai ƙuri'a ne. Kaka ya ce abin da ya fi shiga ransa ke nan. "Wai ni karen mota, takardata da ta sarki nauyinsu guda cikin akwati. Ke amarya, ba ki san daɗin wannan ba, don ke kin tarad da shi."

Abin lura, ba su taɓa cewa a fara korar Bature tukuna, maganar talaka ta jira ba. A ganinsu kumandan da sarkin da ke masa aiki da kamfanin gyaɗa igiya ɗaya ce, in za a kwance sai a kwance duka.

Kayan aro

Nan ne kuma labarin ya fara karkacewa. A zaɓen ƴan majalisar Faransa na Janairun 1956, Georges Condat da Diori Hamani ne suka samu kujerun Nijar biyu, Djibo ya zo na uku. Ƙarfinsa na gaske ne, amma na garuruwa ne da tashoshin mota, alhali mafi yawan masu ƙuri'a na ƙauye inda maganar sarki ke aiki. Sai a ƙarshen 1956 UDN ta haɗe da BNA, jam'iyyar su Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, wadda ginshiƙinta sarakuna ne. Suka zama MSA. Jam'iyyar talakawa ta auri jam'iyyar fada.

Auren ya yi riba nan take. Djibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956. A zaɓen 31 ga Maris 1957, MSA ta ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta samu 19. A watan Mayu Djibo ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko a tarihin Nijar, duk da gwamna Bature ne ke saman kujera a farko. Wannan ma ba kowa ya sani ba cikinmu: kafin Diori akwai wani.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Kujeru da dama cikin 41 ɗin nan na mutanen da ba su taɓa yarda da maganar talaka ba ne. Da gwamnati ta fara taɓa sarauta, har ta tuɓe wasu sarakuna a 1958, sai sauran suka sha jinin jikinsu. Kuma gaskiya a faɗe ta, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sawaba da ta hau mulki ba ta yi wa abokan hamayya da sauƙi ba. An yi wa ma'aikata ƴan RDA sauyin wurin aiki na ramuwa, a watan Afrilun 1958 kuma aka yi mummunar arangama a Yamai tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu. Na tambayi Kaka ko su ma sun yi duka. Ya kawar da kai ya ce, "Mun yi. Mun jefi gidan wani ɗan giwa da duwatsu, matarshi na da ciki. Har yau in na tuna ina istigfari."

Ranar 28 ga Satumba

A 1958 De Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa: "i", ta zauna cikin tarayya da Faransa da ɗan ikon cikin gida, ko "a'a", ta samu ƴanci nan take amma Faransa ta janye hannunta da kuɗinta. A watan Yuli jam'iyyun da suka haɗu cikin PRA suka yi taro a Kwatano, suka amince da neman ƴanci ba jinkiri, Djibo ne babban sakatarensu. Da aski ya zo gaban goshi, yawancin manyan suka ja da baya, har da Senghor na Senegal. A duk Afirka ta Yamma ta Faransa shugabannin gwamnati biyu ne suka tsaya a kan "a'a": Sékou Touré a Gini da Djibo Bakary a Nijar.

Me ya sa Faransa ta bar Gini ta tafi amma ta riƙe Nijar da hannu biyu? Sai a dubi taswira. Nijar na da doguwar iyaka da Aljeriya, inda ake yaƙin neman ƴanci tun 1954, kuma Paris na tsoron ƴantacciyar Nijar ta zama bayan gidan mayaƙan. An samu man fetur a Saharar Aljeriya a 1956. An ga alamar uraniyom a Azelik a 1957. Ana shirin gwajin bam ɗin nukiliya a hamada, wanda aka tayar a Reggane a Fabrairun 1960. Ga kuma fargabar kudancin Nijar ya karkata zuwa Najeriya. Nijar ita ce mahaɗar da ke tsakanin mallakar Faransa ta arewa, ta yamma da ta tsakiyar Afirka.

Ƴan makonni kafin zaɓe aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, da aiki ɗaya. Aka ƙaro soja da motoci. Kumandodi suka shiga yawon kamfe a fili. Sarakunan da aka tuɓe aka yi musu alkawari, waɗanda ke kan gado aka tuna musu abin da ya samu ƴan uwansu. Mutanen BNA, su Djermakoye, suka fice suka koma "i". Ƙauyukan da suka ba Sawaba nasara a 1957 da umarnin fada, da umarnin fadar aka juya su a 1958.

Kaka ya ce a ƙauyen mahaifinsa an tara mutane gindin tsamiya aka ce duk wanda ya jefa "a'a" ya sani Bature zai tafi da likita da gishiri da sukari, kuma za a san shi. "Babana ya kira ni ya ce, kai ɗan nan, kai mota gare ka, in ta ɓaci ka tsere Kano. Mu gona gare mu, gona ba ta gudu. Ranar zaɓe ya ɗauki hauya ya tai daji, bai jefa ko ɗaya ba."

Irin mahaifin Kaka su ne suka fi yawa. Sakamakon hukuma ya ce "i" ta samu kashi 78, "a'a" kashi 22, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Gini ta ce "a'a" da kusan kashi 95, ta zama ƴantacciya ranar 2 ga Oktoba. A Nijar, cikin watan Oktoban gwamnatin Djibo ta sauka, aka rusa majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Ƙawancen su Diori ya samu kujeru 49, Sawaba 11. Su ma 11 ɗin ba a bar mata ba, aka soke zaɓen mazaɓun Tasawa da Damagaram inda ta ci. Ranar 18 ga Disamba aka ayyana Jamhuriya, ranar da muke biki duk shekara. Ranar 12 ga Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. A makon ne Kaka ya kai katinsa wurin baduku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƴancin da aka ce zai kashe Nijar a 1958, shi aka miƙa mata ranar 3 ga Agustan 1960, ƙasa da shekara biyu. Ashe gardamar ba ta kan ƴanci ba ce kaɗai, ta kan hannun da zai karɓa ce. An samu tuta da take, amma ƙasar ta shiga ƴancin kai da jam'iyya ɗaya tilo, kuma haka ta zauna har 1974.

Da aka ɗauki bindiga

Djibo ya yi gudun hijira, ya zauna Bamako, daga baya Akara wurin Nkrumah. Daga waje Sawaba ta yi abu biyu. Ta samar wa matasa da yawa guraben karatu a ƙasashen gurguzu, ƴaƴan talakawan da a gida ba za su taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Ta kuma tura wasu koyon yaƙi a Sin, Aljeriya, Vietnam ta Arewa da Ghana.

A watan Satumba da Oktoban 1964 ƙananan rukunoni suka tsallako ta iyakokin kudu da yamma, da zaton suna isowa jama'a za su tashi. Jama'a ba su tashi ba. Shekara biyar na tsoro ta yi aikinta, gwamnati kuma ta riga ta samu labari. Aka sa ƙauyawa farautarsu da kibau da sanduna. Wasu an harbe su a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilun 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idi da nufin kashe Diori. Diori ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Daga nan kame ya zama ruwan dare, mutane da yawa suka mutu a tsare. Da aka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, sansanonin Ghana suka rufe, magana ta ƙare.

Kaka bai taɓa riƙe bindiga ba, amma wannan bai cece shi ba. Wani dare a ƙarshen 1964 wasu mutane suka zo suka tafi da shi, don wani ya ce ya taɓa ganinsa yana ɗaga hannu a taron raƙumi. Wata bakwai ya yi. Sun juye ɗakin kakata kaf suna neman takarda, layar na rataye a wuyan babana da ke goye, ba wanda ya dube ta. Yatsunsa biyu na hagu da ba sa lanƙwasawa, waɗanda muna yara muke yi wa dariya, a can suka zama haka.

Na ce masa, "Maigida, to da waɗanda suka zo da bindigar sun iso Tasawa, za ka bi su?" Ya ce, "A'a. Mu abin da anka gaya muna, takarda ta hi bindiga. Ran da sunka zo da bindiga, sai na ga sun koma yin magana da harshen kumandan. Kuma yaron nan na idi, mi ya yi?" Ban da abin da zan ƙara a kan wannan. An zalunce su, an rufe musu kowace ƙofa ta lumana, wannan gaskiya ne. Amma shugabannin da ke Akara sun yi shekaru ba su zauna gindin tsamiya da manomi ba, suka ɗauka ƙasar na nan yadda suka bar ta.

Daga gadar Kennedy zuwa yau

Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, bayan fari da yunwa. Ya saki fursunonin siyasa, Djibo ya dawo gida, a 1975 kuma aka sake kama shi, ya shafe shekaru a tsare. Maganar ƙuri'a ta kwanta har sai da ɗalibai irinmu suka tashe ta. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban Yamai suka fito zanga-zanga kan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu bisa ƙidayar hukuma. A watan Nuwamba Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, shi ya sa har yau ranar take ranar matan Nijar. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin André Salifou.

Wa ya ja wannan tafiya? Ƙungiyoyin ƙwadago, ɗalibai, mata, ƙananan ma'aikata. Kusan jerin da Kaka ya lissafa mini ne, sai dai jikoki. Amma ita Sawaba da ta dawo, ta dawo a rabe gida biyu. Djibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ko kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998. Dimokuraɗiyyar da aka samu ita ma ta tsaya a rabon kujeru tsakanin manyan Yamai, har soja suka dawo a Janairun 1996, manomi kuwa yana nan inda yake.

In aka jera tarihin sai a ga kowane zamani ya ɗauki ɗaya cikin ukun nan ya bar biyu. A 1960 an samu tuta, ba ƙuri'a ta gaskiya, ba sauƙi. A 1991 an samu ƙuri'a, amma manufofin tattalin arziki daga waje ake rubuto su, talaka bai ga canji a tukunyarsa ba. A Disamban 2023 sojan Faransa na ƙarshe suka bar ƙasar, abin da mutanen 1958 suka yi mafarki, ga kuma sunan Djibo a kan titin De Gaulle. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya ɗauki sunan mutum ya ɗauki bashinsa. Mai ɗaga hoton Djibo saboda ya ce wa Faransa "a'a", ya tuna mutumin nan ya kuma ce talaka na da ikon ce wa mai mulkinsa "a'a", da bakinsa da ƙuri'arsa, ya koma gida ya kwana lafiya. Kakana ba Bature ne ya karya masa yatsu ba. Ƴan ƙasa ne, shekara huɗu bayan ƴancin kai.

Mu ma ɗalibai akwai namu kason. Sawaba ta faɗi a 1958 ne a daidai inda ta yi aron ƙarfi maimakon ta gina nata. Mu da ke taro cikin Faransanci, muna rubuta sanarwa da kalmomin da iyayenmu ba sa ji, yaushe rabonmu da zama da masu sayar da albasa a Galmi ko matan da ke layin ruwa a Damagaram mu ji abin da su suke kira sauƙi? Karen mota na 1957 ya fi mu sanin hanyar ƙauye.

Ranar da zan koma Maraɗi na je yi wa Kaka sallama, na tarar ya ninke katin yana neman zare. Na ce ya bar shi a buɗe mana, ai yanzu ba mai kama shi. Ya yi dariya ya ce, "Amarya ke nan. Na ga gwamnati nawa?" Sai ya miƙo mini. "Riƙe. Ran da kinka ga mai gona ya daina gudu daji ranar zaɓe, ki sa shi cikin gilashi ki rataye." Yana cikin jakata, tsakanin katin ɗalibi da katin zaɓen da na karɓa ban taɓa amfani da shi ba tukuna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na raƙumi da na giwa, ya ba ƙasarmu sawaba.